Wa ya tsara wannan matsalar? Ku dinga sa sunansa mana

Jiya da daddare wani ya turo hoton allon ces, wato wasan chess, a guruf ɗinmu na WhatsApp, 'ya'ya huɗu kacal a kai: farin sarki a b6, farin soja a c6, baƙin sarki can a lungu a1, baƙin ruk a d5. Ƙasan hoton an rubuta wai fari zai taka kuma ya ci wasan, wanda ya gane shi ne gwani. Shi kenan. Ba sunan wanda ya tsara, ba shekara, ba komai, kamar daga sama abin ya faɗo. Abin nan ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, yau dai sai na amayar.

Wannan tsarin fa yana da mai shi. A 1895 wata jaridar garin Glasgow ta buga kusan irinsa a matsayin wasan da za a tashi canjaras, don idan sojan nan ya kai layin ƙarshe ya zama sarauniya, baƙi zai miƙa ruk ɗinsa a cinye da gangan, sarkinsa ya rasa wurin motsi alhali ba a kai masa hari ba, a tashi ba kare bin damo. Sai wani fada ɗan Sifaniya mazaunin garin, Fernando Saavedra, ya ce a'a, kar sojan ya zama sarauniya, ya zama ruk. Da wannan taku ɗaya tal fari ya ci wasa. Mutumin ba shahararren ɗan wasa ba ne, amma yau sama da ƙarni guda kenan duk wanda ya yi nisa a karatun ƙarshen wasa sai ya ci karo da sunansa, mu kuma mun ɗauki hoton mun yanke sunan saboda lalaci.

Ni a ganina masu tsara matsalolin ces kamar masu ɗinkin babbar riga ne. Mutum zai yi wata da watanni a zaure yana zuba aska takwas da allura har idonsa ya fara gani dishi-dishi, ranar hawan sallah kuma wanda ya sa rigar ake wa kirari. Ɗan wasa ya ci gasa, a ɗauke shi hoto, a ba shi cek. Mai tsarawa shi kaɗai ne a ɗaki da allo, ba abokin karawa, burinsa ya ajiye 'ya'yan ta yadda amsa ɗaya ce rak, kuma amsar ta zama wadda ido bai taɓa zato ba. Idan aka samu amsa ta biyu ko da bayan shekara 50 ne, aikin ya rushe. Idan aka gano wani ya riga shi irin tunanin, nan ma an yi asarar wahala. Kuma sana'ar tsohuwa ce, tun ƙarni na 9 a Bagadaza irin su al-Adli suna rubuta waɗannan tsare-tsaren, Larabawa na ce musu mansubat, to masu cewa darar Turawa ce su ɗan sassauta.

Ku duba yadda lambar girma take zuwa musu. Ana tattara fitattun matsaloli a wani kundi da ake kira FIDE Album, kowane kundi na shekara 3 ne, alƙalai 3 ke duba kowane aiki. Duk wanda ya shiga maki 1 ne, nazarin ƙarshen wasa kuma, irin na Saavedra ɗin nan, maki 1 da kashi biyu cikin uku, in ku biyu kuka haɗa a raba muku makin. Kafin a ce maka Girandmasta, wato muƙami mafi girma a harkar, sai ka tara maki 70. Saba'in fa! Mutum sai ya yi furfura yana tarawa. Sai a 1972 ma aka fara ba da wannan muƙamin, mutum 4 suka samu: Genrikh Kasparyan na Armeniya, Lev Loshinsky na Tarayyar Sobiyet, Eeltje Visserman na Holan da Comins Mansfield na Ingila. Shi Mansfield a 1896 aka haife shi, wato yana ɗan shekara 76 abin ya iso shi, bayan ya ƙare ƙuruciyarsa yana aiki a kamfanin taba yana tsara matsaloli a lokacin hutunsa. Abin haushin, shi ne haifaffen Birtaniya na farko da ya fara riƙe muƙamin Girandmasta a ces, amma tambayi kowa zai ce maka Tony Miles ne, wanda ya samu nasa na buga wasa a 1976 har wani attajiri ya ba shi fam 5,000 a kai. Ban ce Miles bai cancanta ba, wallahi ya cancanta, amma dai.

Na Rasha kuwa labarinsu ba daɗin ji. Alexey Troitsky, wanda ake ɗauka a matsayin uban nazarin ƙarshen wasa na zamani, ma'aikacin gandun daji ne, shi ya zauna ya ƙididdige yanayin da doki 2 za su iya kashe sarki idan abokin karawa yana da soja ɗaya, tun babu kwamfuta, da kwamfuta ta zo daga baya ta ga lissafin dattijon ya tsaya. Yunwa ce ta kashe shi a 1942 lokacin da sojojin Jamus suka yi wa Leningrad ƙawanya. A shekarar nan, a garin nan, wani gwanin tsara matsala, Leonid Kubbel, shi ma ya rasu. Yayansa Arvid Kubbel tun 1937 aka kama shi saboda yana aika matsalolinsa ana bugawa a ƙasashen waje, aka harbe shi a 1938. Ka ji fa, a kan hoton allo da 'yan lambobi irin su b6 da c7.

Wanda na fi so in ba mutane labari shi ne na wata matsala mai wuyar tsarawa da ake kira aikin Babson. Sharaɗin shi ne, baƙin soja zai kai ƙarshe, in ya zama sarauniya dole farin soja ya zama sarauniya, in ya zama ruk dole ruk, bishof bishof, doki doki, kuma duk wani zaɓi daban ba zai kashe sarki a kan lokaci ba. Wani Bafaranshe, Pierre Drumare, ya kwashe sama da shekara 20 yana fama da shi, daga ƙarshe ya ce abin ba zai taɓa yiwuwa da tsari mai tsafta ba. Ba a jima ba, a watan Maris na 1983, wani matashi mai horar da 'yan ƙwallon ƙafa a garin Kazan, Leonid Yarosh, wanda kusan ba wanda ya san shi a harkar, ya fito da shi, kisa cikin taku 4. Ka yi tunanin zuciyar Drumare ranar da mujallar ta shigo hannunsa. Ni da ni ne sai na kwana uku ban ci abinci ba.

Kar a ce na mai da su waliyyai. Sam Loyd na Amurka, wanda ya tsara matsalar Excelsior da aka buga a 1861, inda sojan da ya fi kowa nisa da fagen fama shi ke tattaki tun daga gidansa har ya je ya yi kisan, gwani ne na ƙarshe, amma kuma ya yi shekaru yana iƙirarin shi ya ƙirƙiro wasan jera lambobi 15 ɗin nan, alhali ba shi ba ne. To ka ga har a cikinsu akwai mai shafe sunan wani.

Na dai koma guruf na rubuta Saavedra, Glasgow, 1895 a ƙasan hoton. Mutum ɗaya ya turo babban yatsa, wani kuma ya ce malam mu amsar muke jira, soja ya tafi c7 ne ko sarki za a fara motsawa.