Kasuwancin da ke cikin kai da aljihun mutum ɗaya ba ya daɗewa

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, musamman waɗanda Allah Ya buɗa wa hanya suka fara juya ɗan jari a garin Gombe da kewaye.

Babu mai cewa matasan Gombe malalata ne. Tun da aka cire jihar daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996, garin yake ta buɗewa, ga hanyoyin Bauchi da Yola da Biu da Dukku da Bajoga duk nan suka haɗu. Wannan ya kafa tebur ɗin POS, wancan ya buɗe gidan burodi, wani kiwon kaji, wani ruwan leda, wani sarin hatsi. Abin da ke damuna shi ne yadda za ka ga shago ya haɓaka shekara uku ko huɗu, sai wata rana ka wuce ka tarar da kwado a ƙofa. Idan ka tambaya a ce yara ne suka cinye shi, ko a ce baki ne ya kama shi. Ban ce ba a cin amana ba, ana ci. Amma mafi yawan waɗanda na zauna da su bayan sun karye, da muka bi diddigi, rashin tsari ne ya fara kwantar da su kafin ɓarawo ya samu ƙofa.

Tsarin da nake nufi ba ofis mai sanyi da kujera mai juyawa ba ne. A san wa ke yin me, a san daga bakin wa kowa yake karɓar umarni, a kuma san wa za a tambaya idan abu ya lalace. Shi ke nan.

Ni a jikina na koyi wannan karatun. Ni da yayana mun haɗa jari muka kama sito a Tudun Hatsi, muna sarin wake da masara da kaka, mu ajiye zuwa bazara. Muna da yara uku. Ba mu taɓa zama mun ce kai ne mai kaza, ni ne mai kaza ba, don a ganinmu ciki ɗaya muka fito, me za a raba? Wata rana na ja kunnen yaron da ke riƙe da makulli cewa kada buhu ko ɗaya ya fita sai kuɗi sun shigo. Bayan kwana biyu Yaya yana ƙauye wurin sari, ya buga wa yaron nan waya ya ce wani abokin cinikinsa zai zo, a ɗora masa buhu 40 na wake, zai turo kuɗin daga baya. Yaro ya bayar. Yaya ya ɗauka na sani, ni kuma na ɗauka kayan suna nan. Abin da aka rubuta kawai shi ne lambar mota a jikin wani yagaggen kwali.

Bayan mako uku na sayar wa wani mutum wannan waken, har na karɓi kafin alƙalami. Ya kawo mota, na kira 'yan dako, aka buɗe sito, kusurwar da waken yake wayam, sai katakon da aka jera buhunan a kai. A gaban jama'a na rufe yaron nan da faɗa. Ya sunkuyar da kai har na gama, sannan ya ce, "Maigida, ka ce kada in bayar, Yaya babba ya ce in bayar. Don Allah ni wa zan bi?" Ban samu amsar da zan ba shi ba, domin shi ne mai gaskiya. Kuɗin waken sun dawo a gutsuttsure, wasu sun faɗa asusun Yaya na kansa sun gauraye da kuɗin cefane, har yau ba wanda zai iya rantsuwa a kan nawa aka biya. Abin da ya fi kuɗin zafi shi ne kusan wata biyu muna gaisuwa sama-sama da ɗan'uwana, sai da mahaifiyarmu ta zaunar da mu.

Daga baya na ji cewa wani injiniyan haƙar ma'adinai ɗan ƙasar Faransa, Henri Fayol, ya fitar da ƙa'idoji 14 na tafiyar da ma'aikata a shekarar 1916, bayan ya daɗe yana shugabantar wani babban kamfanin haƙar kwal da sarrafa ƙarfe. Ɗaya daga cikinsu ita ce kowane ma'aikaci ya kasance shugaba ɗaya ne yake ba shi umarni. Har yau ana karantar da wannan a jami'o'i. Amma ku duba gida, kakanninmu sun riga shi aiki da ita. Ayarin fatake da ke zuwa Gwanja sarin goro ba taron yuyuyu ba ne. Akwai madugu wanda maganarsa ce yankan wuƙa, akwai jagaba mai shiga gaba ya san hanya da zango, akwai uban dawaki mai kula da sha'anin fito da kuɗin da ake biya a hanya, akwai malamin ayari mai rubutu da addu'a. Tafiyar watanni ce cikin daji da 'yan fashi, kowa da dukiyarsa, amma baki ɗaya ake saurare. Manzon Allah (SAW) ma ya yi umarni idan mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba. To idan tafiya ta buƙaci haka, ina ga sana'ar da kuke fatan ta ciyar da 'ya'yanku?

Saboda haka idan ku biyu ne ko uku kuka haɗa jari, ku zauna tun ana dariya ku raba fagen. Mu abin da muka yi bayan sulhu shi ne Yaya ya ɗauki sari da hulɗa da dillalan ƙauye, don ya fi ni ido a kan hatsi, ni na ɗauki sito da sayarwa. Idan abokin cinikinsa na son bashi, ni zai kira, ni zan ba yaro umarni. Wannan bai rage masa girmansa na wa ko ƙwayar zarra ba. A gida shi ne babba, a ƙofar sito kuwa magana ɗaya yara suke ji.

Abu na biyu shi ne wanda na fi so ku riƙe da kyau, don nan ne jari yake zurarewa. Makulli da kuɗi da littafi kada su haɗu a hannun mutum ɗaya. Wanda ke fitar da kaya daban, wanda ke karɓar kuɗi daban, wanda ke rubutawa daban. Idan ba ku kai ku uku ba, to aƙalla mai karɓar kuɗi kada ya zama shi ne mai ƙirga kaya da yamma. Na san abin da wasu za su ce: ai yaron nan ɗan yayata ne, ba ya wasa da salla, zarginsa nake yi? Ba zargi ba ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ka bar matashi da kuɗi masu yawa kullum, babu mai dubawa, ga matsin gida, ga abokai, ka jefa shi cikin jarrabawar da kai kanka ba ka da tabbacin za ka ci. Kuma tsarin nan kariya ne ga mai gaskiya: ranar da lissafi ya ƙi fita, littafi ne zai wanke shi, ba rantsuwa ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, da kafa shaidu, kuma ta ce kada a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. Allah da Ya halicce mu Ya san mantuwarmu. Mu ne muke jin kunyar fito da biro a gaban aboki.

Maganar 'yan'uwa kuwa, ban ce kada ku ɗauke su aiki ba, ɗan'uwa rabin jiki ne. Amma kada ka ajiye ƙanenka a shago da sunan "yana taimakawa". Wanda ba shi da takamaiman aiki ba shi da takamaiman albashi, wanda ba shi da albashi kuwa hannunsa ne zai yanka masa. Ka faɗa masa aikinsa, da haƙƙinsa a wata, da wanda yake ƙarƙashinsa, ko da wancan ɗin bare ne.

Akwai kuma ciwon da ke kama mu idan Allah Ya ƙara buɗi, wato ƙin sakin ragama. Na san wani mai gidan burodi da ke da ma'aikata sun haura 20: masu kwaɓi, masu gashi, masu ƙullawa a leda, masu rarrabawa a babur. Ya naɗa manaja, amma manajan ba shi da ikon sayen buhun fulawa ɗaya ko galan ɗin mai sai ya kira shi. Ranar da wayarsa ta mutu yana wurin jana'iza a Kumo, yis ya ƙare, aka zauna ana kallon juna har kwaɓin safe ya wuce, masu shayi suka koma wani gidan. Da ya dawo manajan ya sha faɗa. Wannan zalunci ne. Duk wanda ka ɗora wa nauyi ka ba shi ikon da zai sauke shi. Ka yanka masa iyaka: daga kaza zuwa kaza ka kashe ka kawo rasit, abin da ya haura ka neme ni. Kuma mutum 20 ba za su riƙa zuwa wurinka kai tsaye ba, idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ka sa babba a ɓangaren gashi, babba a ɓangaren rarrabawa, mai lissafi guda, su ukun nan su ne za ka zauna da su. Haka sarauta take a ƙasar nan: mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai gaban sarki.

Kai ma mai dukiya ka sa kanka cikin tsarin. Ka yanka wa kanka albashi, ka buɗe wa sana'ar asusunta daban, taransifar abokan ciniki ta daina shiga inda kake cire kuɗin makarantar yara. Rajista da CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, ta yi sauƙi yanzu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yin rajistar kamfani shi kaɗai, alhali a da sai an kai mutum biyu. Ku dai gane bambancin: rajistar sunan kasuwanci ba ta raba ka da bashin sana'ar, kai da ita abu ɗaya ne a idon doka, amma kamfani mai "Limited" yana tsaye ne da ƙafarsa, da dukiyarsa da bashinsa. Sai dai takarda ba ta gyara gidan da ba a san mai makulli ba.

Ku tuna kuma da ranar da ba ma nan. Sau nawa attajiri ya rasu, aka zo rabon gado, babu wanda ya san wa yake bi, wa ke binsa, wane kaya ne nasa, wane ne ajiyar mutane? Marayu su yi asara, mamaci ya kwanta da haƙƙin wasu a wuyansa, duk don komai yana cikin kansa ne.

Yaron nan da na yi wa faɗa a gaban 'yan dako, na je har gidansu na ba shi haƙuri a gaban mahaifinsa. A ranar muka rubuta shekarun da zai yi da mu da abin da za mu sallame shi da shi, ni da Yaya muka sa hannu, limamin unguwarsu ya shaida. Bara muka cika alkawari. Yanzu yana da nasa ɗan sito ba nisa da namu, da yara biyu. Kwanan baya na aika a karɓo mini buhu biyar na masara a wurinsa don in cike wa wani lodi. Yaronsa ya ce da ɗan aikena ya dakata tukuna, ya shiga ciki ya ɗauko littafi, ya rubuta kwanan wata da adadi, ya miƙa masa biro.