Masu gawayi da lemun tsami, ku ƙyale haƙoran mutane

Duk mai leƙa TikTok ko Instagram ya ci karo da su. Wani ya tsoma buroshi cikin garin gawayi, ya dirje haƙora har baki ya yi baƙi ƙirin, ya kurkure, sannan ya washe wa kyamara haƙora farare tas. Wata kuma lemun tsami take matsawa cikin bekin soda. A ƙasan bidiyon akwai inda za ka latsa ka sayi kwalba. Yanzu sun ƙaro wani salo: bayan tallan farin haƙori, suna gargaɗin jama'a cewa man goge baki mai fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga kogo, guba ne. Wannan ƙarin ne ya hana ni yin shiru.

Haƙori yana da wani ɓawo mai sheƙi a waje. Babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, amma idan ya zaizaye ba ya sake tofowa. Aikin gawayi kuwa kankara ne. Yana iya ɗauke tabon shayi ko na taba da ke sama-sama, shi ya sa ake ganin haske da farko, amma yawan dirza yana cin ɓawon a hankali. A ƙarƙashin ɓawon akwai wani sashe mai launin rawaya. Wato mai dirzar gawayi kullum da hannunsa yake fito da rawayar da yake gudu, ga zogi duk lokacin da ya kurɓi ruwan sanyi. Garin neman gira ya rasa ido.

Na lemun tsami ya fi muni. Ɓawon haƙori yana fara narkewa idan ma'aunin tsami na pH ya sauka ƙasa da kimanin 5.5, ruwan lemun tsami kuma yana tsakanin 2 da 3 (ƙarancin lambar na nufin ƙarfin tsami). Wanda ya shafa shi sannan ya bi da buroshi ya tausasa ɓawon ne tukuna, ya kuma goge shi. A 2017 mujallar ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta wallafa wani nazari da ya bi diddigin abin da aka rubuta kan man gawayi, kuma bai samu isasshiyar hujjar cewa yana da amfani ko ba ya cutarwa ba. Masu cewa ai gawayi abu ne na halitta su tuna yashi ma na halitta ne.

Batun fuloraid ya samu gindin zama ne tun da jihar Utah ta Amurka ta haramta zuba shi a ruwan famfo a 2025, Florida kuma ta bi sahu. Nan da nan 'yan talla suka cafe labarin, suka yanke masa kai da ƙafa. Muhawarar can a kan ruwan da ake haɗiya ce, kuma damuwar da masu bincike suka nuna ta shafi ruwan da fuloraid ɗinsa ya haura miligiram 1.5 a lita, fiye da ninki biyu na 0.7 da hukumomin lafiyar ƙasar suka ba da shawara. Man goge baki tofar da shi ake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta saka shi cikin jerin muhimman magunguna tun 2021. Wanda ya haɗa waɗannan abubuwa biyu ya mai da su ɗaya, ko bai karanta ba, ko kuma yana da kwalbar da yake son sayarwa.

Yadda kogo ke samuwa ba wani sirri ba ne. Ƙwayoyin cuta da ke manne a jikin haƙori suna cin sukarin da ya shiga baki, su fitar da asid, asid ɗin ya tsotse ma'adinan ɓawon. Miyau yana mayar da su sannu a hankali, fuloraid kuma yana hanzarta gyaran, ya sa wurin ya fi jure asid na gaba. Shi ya sa yawan lokutan da sukari ke shiga baki yake da muhimmanci ƙwarai: mai kurɓar lemun kwalba kaɗan-kaɗan tun safe har yamma bai ba miyau damar yin aikinsa ba. Shi ya sa kuma gogewar dare ta fi kowace, domin miyau yana raguwa lokacin barci. A tofar da kumfar, kada a bi da kurkura, a bar sinadarin ya kwana a kan haƙora.

Babban abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda wannan hauka ta farin haƙori ta kawar da ido daga dasashi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kimanin biliyan 1 daga cikinsu da ciwon dasashi mai tsanani. Wannan ciwo ba ya ihu. Alamarsa ta farko ɗan jini ne a cikin kumfa, wanda mutane da dama ke ɗauka ƙarfin buroshi ne, sai su daina taɓa wurin, alhali wurin ne ya fi buƙatar gogewa. Dattin da ya taru a gindin haƙori yana daskarewa ya koma kamar dutse, kuma daga nan babu buroshin da zai cire shi sai kayan aikin likita. Idan aka bar shi, kumburin ya gangara ya riƙa cin ƙashin da ke riƙe da haƙorin. Wata rana haƙori lafiyayye, fari fat, mara kogo ko ɗaya, ya fara motsi. Masu ciwon suga sun fi shiga haɗari, kuma ciwon dasashin kansa yana wahalar da daidaita sugan. Mai shan taba kuwa ko jinin gargaɗin ba lallai ya gani ba, domin taba tana takure jijiyoyin jinin dasashi. Ban taɓa ganin mai gawayi ya yi bidiyo a kan sakace tsakanin haƙora da zare ba. Babu riba a ciki, kuma ba ya kyau a hoto.

Manyan kamfanonin man goge baki ma ba su kuɓuta ba. Shekara da shekaru tallansu murmushi ne mai ƙyalli, su suka koya wa jama'a auna lafiyar baki da launi, yau kuma ƙananan 'yan kasuwa sun karɓe darasin sun wuce su.

Duk wanda ya ce kayansa yana warkar da dasashi ko yana hana kogo, maganar magani ya yi, don haka hukumomin kula da magunguna su nemi hujjarsa kamar yadda suke neman ta kowane mai magani. Kamfanonin da ke cin kuɗin tallan su ma a tambaye su. Likitocin haƙori kuma su daina jira a asibiti sai an kawo musu kumatu a kumbure. Wayar da mai gawayi ke amfani da ita, irinta ce a aljihunsu.