Ranar da na je Tugela na tarar an ɗauke ruwa

Jama'a ku bari kawai, ba wanda ya aike ni, da ƙafata na kai kaina. Kwas ne na sati biyu aka tura mu daga ofis zuwa Durban ta Afirka ta Kudu a watan Yuli, kuma da na yi zamana a otal na ci shinkafa da miyar Indiyawa na dawo gida da mutuncina, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma ina, tun kafin in bar Kano na ci karo da hoton wata magangarar ruwa a Facebook, ruwa fari tas kamar an warware bandir ɗin alawayyo daga saman dutse har ƙasa, sunanta Tugela. Na bincika na ga tsawonta mita 948, hawa biyar ruwan yake faɗowa, kuma duk duniya Angel ta ƙasar Venezuela ce kawai ake cewa ta fi ta, ita mita 979, har ma wasu 'yan ƙasar Cek sun je sun sake awo a 2016 suka ce a'a, Tugela mita 983 ce, ke nan ita ce a gaba. Ni kuwa babban ruwan da na taɓa gani yana faɗowa shi ne Gurara, wajen mita 30, sai na ɗauko kalkuleta, Gurara talatin da ɗaya ke nan a ɗora kan juna. Nan take na tura hoton guruf ɗin gidanmu na rubuta "in sha Allah a nan za ku ganni." Yayata ta yi min addu'a, ƙanena ya turo fuskar dariya guda uku. Ashe yaron ya hango abin da ban hango ba.

Ina da aboki a can, Bazazzagi ne, shekararsa huɗu yana digiri na uku, mu dai tun shekarar farko muke ce masa Dokta don ƙarfafa gwiwa. Da na faɗa masa nufina sai ya ce, "Alhaji yanzu fa ba lokacinta ba ne, ka bari sai Disamba ko Janairu."

Na ce, "Dokta wane wata muke ciki?"

Ya ce Yuli.

"To Yuli ba tsakiyar damina ba ne? Jiya-jiyan nan na yi waya da gida aka ce ruwa ya cika layinmu har ya shiga teburin mai shayi."

Ya ce wannan a Kano ke nan, nan ƙasan duniya muke, komai a juye yake, yanzu hunturu ne kuma ba a ruwa, sai wajen Nuwamba damina take sauka. Na ce ku Zazzagawa matsalarku ke nan, da an ba ku allo sai ku fara karantar da wanda bai tambaye ku ba, ruwan da ya kai mita 948 ko rabinsa ya tafi ai abin da ya rage ya ishe ni hoto. Wallahi haka na faɗa da bakina, wai tsawon dutse shi ne yawan ruwa. Kuma Durban ce ta ƙara ruɗa ni, don hunturunsu na bakin teku ko kusa bai kai sanyin Janairun Kano ba, da rana da 'yar shat kake yawo. Dokta bai ƙara cewa komai ba, ya yi irin shirun nan da kana gani ka san mutum ya ajiye dariyarsa ne sai an jima.

Ranar Juma'a bayan masallaci muka kama titin N3, muka kwana a Harrismith, da asuba muka nufi wani gari mai suna Phuthaditjhaba, wanda har yau ban taɓa faɗar sunansa daidai sau biyu a jere ba. Ita magangarar a cikin gandun dajin Royal Natal take, a lardin KwaZulu-Natal, cikin tsaunukan Drakensberg, kuma hanya biyu ce. Ko ka bi ta ƙasa cikin kwazazzabo ka ɗaga kai ka hango ta, ko ka zagaya ta lardin Free State ka hau can sama inda ruwan yake tsunduma. Dokta ya ce mu bi ta ƙasa, ta fi sauƙi. Na ce Bakano ba ya kallon abu daga ƙasa.

Yanzu bari in faɗa muku shigar da na yi, don ku san irin mutumin da kuke karanta labarinsa. Farar shadda ce kaftani, an ɗora mata sitati har tana ƙara, da hafshu, da hulata zanna bukar wadda surukina ya ba ni da hannunsa ranar sunan ɗana na fari. Ai hoto na je yi. Dokta ya kalle ni sama da ƙasa ya miƙo min wata tsohuwar jaket da safar hannu, na karɓi jaket ɗin don kar ya ji ba daɗi, safar kuwa na ce ya riƙe abarsa, ni ba golan ƙwallo ba ne.

Wata mota mai ƙarfin hawa ce ta kai mu wurin fakin na Sentinel, kan wata hanya da sai da ta jera min hanjina a sabon tsari. Ina buɗe ƙofa iska ta mare ni. Ba irin sanyinmu ba ne mai zuwa da hazo yana fasa leɓe a hankali, wannan kai tsaye yake shiga ƙashi ba sallama. Wurin fakin ɗin kaɗai ya kai wajen mita 2,500 daga saman teku, mu kuma jiya a bakin teku muka yi sallar Juma'a. Aka miƙo mana littafi, kowa ya rubuta sunansa da lokacin da ya shiga da lambar wanda za a kira in wani abu ya faru. A nan ne gabana ya fara faɗuwa, don ni tunda nake zuwa kallo ba a taɓa tambayata magaji ba. Na rubuta lambar uwargida, na goge, na sa ta ƙanena, na tuna dariyarsa, na sake gogewa na mayar da ta uwargida.

Muka fara hawa. Hanyar a murɗe take kamar tafiyar maciji, ka yi dama ka yi hagu, kana ganin kamar ba ka ci gaba. Ni da na cika Dokta da labarin na hau Dala na hau Goron Dutse a rana ɗaya, minti ashirin ba a yi ba na fara numfashi kamar zugazugin maƙeri, iskar wurin ba ta ƙosarwa, ka ja ka ja ka ji kamar an yi mata algus. Shi kuwa gogan naka sai lokacin ya buɗe aji. Wai sunan tsaunukan da yaren Zulu uKhahlamba, ma'ana katangar da aka jera da mashi, wai gandun tun 1916 aka kafa shi, kalmar Royal kuma ta samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Ingila da iyalinsa suka kawo a 1947, wai wannan bangon dutsen da ruwan yake faɗowa daga kansa ana ce masa Amphitheatre, faɗinsa wajen kilomita 5. Na ce Dokta don girman Allah ka ajiye karatun nan, in na rayu zan biya kuɗin lesin.

Sai ga mu a gindin tsanin.

Ba wanda ya faɗa min akwai tsani. To Dokta ya rantse ya faɗa, ni dai ban ji ba. Tsani ne na sarƙa, an saƙala sandunan ƙarfe a tsakani, an rataye shi a jikin dutse a miƙe tsaye kamar bangon bene, kuma hawa biyu ne, in ka gama na farko ka tarar da ƙanensa yana jiranka. Ba igiyar ɗaurewa, ba komai, kai da hannunka da Ubangijinka. Na tsaya ina kallo ina lissafin ko in ce cikina ya ɓaci, sai ga wata tsohuwar Baturiya, wallahi ta yi sa'ar innata, ta ce mana sannunku, ta cusa sandarta a jaka ta kama sarƙa ta haye kamar ƙadangare. Dokta ya kalle ni ya ce, "Bakano ba ya kallon abu daga ƙasa ko?"

Na kama. Ƙarfen nan kamar an ciro shi daga firiza, nan take na tuna safar da na raina. Na taka na ɗaya, na biyu, tafin hafshu kuwa sumul yake kamar sabulu, tsanin kuma motsi yake, kana taka shi yana ɗan rabuwa da dutsen ya dawo ya buga, ƙaras ƙaras. Na ce bari in dinga ƙirga matakalar don in ɗauke hankalina, ban san lokacin da ƙirgar ta koma tasbihi ba, na dai ji kaina a talatin da uku ina shirin shiga Alhamdulillahi. Ina tsakiyar hawa iska ta zo ta ƙasa ta shige cikin kaftanin nan mai sitati, ya kumbura kamar laima, gaban rigar ya taso ya rufe min fuska ruf. Hannu biyu duk suna kan sarƙa, ba wanda zan iya saki. Haka na maƙale ban ga sama ban ga ƙasa, ina karanta duk abin da na haddace har da addu'ar shiga kasuwa, ina jiyo Dokta can ƙasa yana cewa "Alhaji kar ka kalli ƙasa!" Na ce da wane idon?

Da haƙori na janye rigar. Ashe duk abin nan bidiyo yake ɗauka.

Da muka ƙarasa sama na kwanta rub da ciki na yi minti biyar ina yafe wa duk wanda ya taɓa cin bashina. Saman kuwa fili ne shimfiɗaɗɗe, wajen mita 3,000 daga saman teku, ciyawa duk ta bushe ta yi ruwan ƙasa, ba bishiya ko ɗaya, Lesotho na nan kusa. Muka bi gefen wani ɗan rafi muna tafiya, ni ina ta kasa kunne in ji rugugin ruwa, don a Gurara tun daga nesa kake jin ƙara. Shiru. Sai kukan iska. Na ce Dokta ina kogin? Ya nuna min ɗan rafin da muke bi, wanda na tsallake sau biyu ban ma lura ba, rabinsa ƙanƙara ce ta daskare a kan duwatsu. Ya ce ga shi nan, Tugela ke nan.

Na ce wasa kake.

Muka isa bakin dutsen. Ruwan da yake zuba a wurin, in kun san famfon unguwa ranar da aka kawo ruwa da ƙarfe ukun dare, wanda mata suke jera bokiti suna zagin juna a kansa, to wancan ya fi shi ƙarfi. Ɗan siriri ne yake fitowa ta ƙarƙashin ƙanƙara, yana leƙa bakin ramin iska ta watsa shi, ko hawa na farko ba ya ƙarasawa. Na zo da gora babba da niyyar in ɗebo wa mutanen gida tsaraba, na durƙusa na tara, yatsuna suka sandare gorar ba ta yi rabi ba. Da abin da na tara muka yi alwalar azahar mu biyu, wanki ɗaya-ɗaya, kuma ban taɓa alwala da ruwan da ya sa ni ihu ba sai ranar.

Gaskiya dai wurin yana da kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Ka tsaya ka ga bangon dutse ya lanƙwasa ya tafi, tsuntsaye suna shawagi a ƙasanka, kwarin can ƙasa ya zama kamar zanen taswira. Amma ni ruwa na yi wa mutane alkawari. Na ce to bari in leƙa, wataƙila yana taruwa a ƙasa. Ba a leƙa wurin a tsaye sai wanda ya gaji da duniya, don haka na kwanta na ja ciki da farar shaddata har bakin, Dokta ya riƙe min ƙafa, na miƙa wuya.

Ji na yi kaina ya yi sakayau.

Hular ba ta faɗi nan take ba, sai da iska ta ɗaga ta sama ta juya ta sau biyu a gaban idona kamar tana min sallama, sannan ta fara sauka a hankali, tana juyi, tana ƙanƙancewa, har ta zama ɗigo ta ɓace. Muka yi tsit. Can Dokta ya ce, murya na rawa, "To Alhamdulillahi, ka dai ga wani abu ya gangara."

Saukowa daga tsanin ba zan ba da labarinsa ba, akwai abin da mutum yake bari tsakaninsa da Mahaliccinsa. Na dai karɓi safar. Kwana uku a zaune nake sallah, matakalar otal kuwa da baya-baya nake sauka.

A guruf ɗin gida na tura hoton kwarin kawai na rubuta "Masha Allah." Ƙanena ya ce ina ruwan? Na ce sabis ba kyau. Minti goma ba a yi ba sai ga bidiyon tsani ya shigo guruf ɗin, ashe Dokta yana da lambarsa, kuma har sun sa masa kiɗan kalangu.

Da na dawo Kano uwargida ta buɗe akwati ta fito da kaya ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga shaddar ta kalli cikinta da ya koma kalar ƙasa ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Abbansu, ina hular Baba?" Na ce tana Afirka ta Kudu. Ta ce a otal ka manta? Na ce a'a, ta ɗan fi nan nisa. Yanzu duk ranar da za mu je gaida surukina sai in ce kaina ke ciwo in sa 'yar tashi-ka-fiye-naci, shi kuma bawan Allah ya kalli kaina ya yi shiru.

A watan Janairu ina zaune a ofis na naɗe da rigar sanyi sai ga saƙon Dokta, bidiyo ne, Tugela ta cika ta batse, fari tas daga sama har ƙasa, irin hoton da ya yaudare ni sak. A ƙasa ya rubuta: "Alhaji an kawo ruwa. Kogin nan tafiyar fiye da kilomita 500 yake yi ya faɗa tekun Indiya a arewa da Durban, ina jin hularka ta kamo hanya. Zan dinga leƙa bakin ruwa."