Ga Masu Yi wa Kronos Zaman Makoki

Tun da John Sherba da Hank Dutt suka ajiye gogensu a 2024, bayan kowannensu ya shafe fiye da shekara 45 a Kronos, ƙungiyar makaɗan goge huɗu ta Amurka, wasu suka shimfiɗa tabarmar ta'aziyya, har jiya wani masani ya yanke mana hukunci cewa suna kawai ya rage. Madalla da wannan zurfin ilimi. Ashe duk tsawon shekarun nan fuskokin makaɗan ake kallo, ba kiɗan ake saurare ba.

Darajar Kronos tana cikin kiɗan da ta sa aka tsara mata, kuma wannan bai yi ritaya ba. David Harrington ya kafa ta a Seattle a 1973, bayan ya ji Black Angels na George Crumb a rediyo, kiɗan da aka tsara a zamanin yaƙin Vietnam, sannan ta koma San Francisco a 1978. Daga lokacin zuwa yau an tsara mata sababbin kaɗe-kaɗe fiye da 1,000 domin ƙananan goge biyu da matsakaici ɗaya da babba ɗaya. A daidai lokacin da sauran ƙungiyoyi ke ta maimaita kiɗan tsofaffin gwanayen Turai irin su Haydn da Beethoven, ita rayayyun masu tsara kiɗa take nema ta biya su. Ta haka aka samu Different Trains na Steve Reich a 1988, inda goge ke bin muryoyin mutanen da aka naɗa, ciki har da waɗanda suka tsira daga kisan kiyashin 'yan Nazi, kuma ta haka Terry Riley ya koma rubuta kiɗa a takarda bayan ya daɗe da barinsa.

Za a ce sautin zai canja. To, ya canja mana. Babban gogen nan ya sauya hannu sau huɗu tun da Joan Jeanrenaud ta tafi a 1999, har ya iso hannun Paul Wiancko a 2023, kuma ba mu ji an rufe ƙungiyar ba. Gabriela Díaz da Ayane Kozasa da suka maye gurbin Sherba da Dutt a 2024 kiɗan da aka tara suka gada, kuma shi ne jarin gidan. Masu ƙorafin cewa wannan ba kiɗan gargajiyar Turai na ainihi ba ne kuwa, sai su tuna cewa Beethoven ma yana da rai lokacin da aka fara kaɗa nasa.

Abin da ya fi taɓa ni, kuma da gaske nake faɗa, shi ne shirin Fifty for the Future, wanda ya samar da kaɗe-kaɗe 50 aka ɗora takardunsu kyauta a intanet domin ɗalibai su koya. Ƙungiyar da ta ɗauki kanta mallakar mutum huɗu ba za ta yi haka ba.

Wani abu kuma ya daɗe yana damuna. Faifansu na 1992, Pieces of Africa, ya tattaro Hamza El Din ɗan Nubiya (yankin da ke tsakanin Masar da Sudan), da Obo Addy na Ghana, da Foday Musa Suso na Gambiya, da Dumisani Maraire na Zimbabwe, a 2017 kuma suka yi Ladilikan tare da Trio Da Kali na Mali. A cikin mutum bakwai da suka tsara kiɗan wancan faifai na 1992 babu ɗan Najeriya, babu ɗan Nijar, alhali goge da kukuma a hannunmu suke tun kaka da kakanni.