Littafin da aka ƙona a Kansas City da wasiƙar da aka karanta a asambuli

A shekarar 1993 wasu mutane suka taru a bakin ofishin hukumar makarantu ta birnin Kansas City a Amurka, da wani fasto a gabansu, suka cinna wa wani ɗan littafi wuta. Sunan littafin Annie on My Mind, Nancy Garden ce ta rubuta shi, ya fito a 1982. Labarin 'yan mata biyu ne 'yan shekara sha bakwai, Liza da Annie, da suka haɗu a wani gidan adana kayan tarihi a New York. Ƙawance ya ƙullu, daga nan abu ya zarce ya zama soyayya.

Hayaƙin bai gama bajewa ba sai shugaban makarantun Olathe, wani gari da ke kusa, ya ba da umarni a kwashe littafin daga ɗakunan karatu, alhali ya shekara da shekaru a kan kanta ba wanda ya ce uffan. Wasu ɗalibai da iyayensu suka garzaya kotu. A 1995 alƙalin kotun tarayya ya ce an cire littafin ne don kawai shugabannin ba sa son ra'ayin da ke cikinsa, kuma tsarin mulkin ƙasar bai ba su wannan dama ba. Aka mayar da shi inda yake, hukumar ta yi asarar fiye da dala 160,000 a shari'ar. Littafin da ƙura ke neman binnewa kuwa ya samu tallar da kuɗi ba sa saye, har yau ana buga shi.

Na san abin da ke ran mai karatu. Mafi yawanmu, Musulmi da Kirista, addininmu ya haramta maɗigo, a Najeriya kuma akwai dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 mai hukuncin ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi. Ba fatawa na zo bayarwa ba, ba ni da ilimin hakan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne saƙonnin da ake ta turo min a WhatsApp, hoton bangon wani littafin Turawa da jan rubutu a kai wai an shigo da shi makarantunmu, a yaɗa saboda Allah. In na tambayi wanda ya turo ko ya karanta, sai ya ce Allah ya kiyaye. To ni malamar adabi ce, na yi shekaru ina koyarwa a makarantar 'yan mata ta kwana, kuma ban iya yanke wa littafi hukunci daga bangonsa ba. Shi ya sa na nemi wasu na karanta.

Abin da na tarar shi ne ba kwando ɗaya suke ba. Rukunin littattafan matasa a can na 'yan shekara sha biyu zuwa sha takwas ne, kuma tazarar da ke tsakanin waɗannan shekaru ba kaɗan ba ce. Akwai wanda iyakar abin da ke cikinsa riƙe hannu ne da bugun zuciya. Akwai kuma wanda ke da shafukan da ni kaina ba zan miƙa wa 'yar shekara sha uku ba, ko da saurayi da budurwa ne a ciki. Na Malinda Lo, Last Night at the Telegraph Club, wanda ya ci babbar kyautar adabin matasa ta Amurka a 2021, rabinsa tarihi ne: wata yarinya 'yar asalin Sin a San Francisco a 1954, lokacin da ake farautar duk wanda aka zarga da kwaminisanci, mahaifinta kuma takardunsa na zama ɗan ƙasa suna hannun hukuma. Tsoronta biyu ne, na abin da ke zuciyarta da na a kori iyayenta daga ƙasar. Wanda ya ce wannan da littafin batsa duk ɗaya ne, bai buɗe ko ɗaya ba.

Wani abu da ya ɗaure min kai da farko shi ne yadda aka fi jin haushin na Garden fiye da waɗanda suka gabace shi. Ashe a ƙarshen labarin ƙullin yake. Tun a shekarun 1950 ana sayar da littattafai masu irin wannan jigo a Amurka, amma da sharaɗi. Marubuciyar Spring Fire na 1952 ta faɗa da bakinta cewa mai buga littafin ya gindaya mata kada labarin ya ƙare da daɗi, don gudun masu tace kayan gidan waya. Sai a nuna komai dalla-dalla, a shafin ƙarshe a haukatar da ɗaya ko a kashe ta, kowa ya samu abin da yake so: mai saye ya sha karatu, mai tacewa ya ga an yi hukunci. Garden ta ƙi bin wannan hanya. Littafinta ya fi waɗancan kamun kai nesa ba kusa ba, amma ta bar 'yan matan da ransu da hankalinsu, shi ne laifin.

Duk wanda ke leƙa rukunonin littattafan Hausa na waya ya san wannan dabara, don mu ma muna da ita. A yi shafi ɗari ana kwatanta abin da baki ba ya iya faɗa, a shafi biyun ƙarshe a jefa wa jarumar cuta ko haɗarin mota, a rufe da cewa don faɗakarwa aka yi. Kuɗin shiga rukunin kuma ta lambar asusu ake turawa. Wannan ba ya tayar mana da hankali kamar hoton bangon littafin da ba a ma sayar da shi a kasuwar Sabon Gari.

Iyayen da ke ƙorafi a Amurka kuwa, ba zan ce ba su da gaskiya ba. A gundumar Montgomery ta jihar Maryland, hukumar makarantu ta shigar da littattafan hotuna masu labaran 'yan luwaɗi da maɗigo cikin darasin ƙananan yara a 2022. Da farko ta ce mahaifin da bai yarda ba yana iya janye ɗansa daga darasin, sai a 2023 ta soke wannan dama. Iyaye Musulmi da Kiristoci suka haɗa kai suka kai ƙara, sunan wani Musulmi, Tamer Mahmoud, ne ma a kan shari'ar. A watan Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya da ƙuri'a shida da uku. A ganina hukumar ce ta jawo wa kanta. Yaro ɗan shekara biyar a aji, malami a gabansa yana karanta masa, ba shi da zaɓi, duk abin da malam ya ce shi ne gaskiya. Hana uba ya ce a ɗaga wa ɗansa ƙafa a irin wannan wuri ƙarfa-ƙarfa ce, ko da kyakkyawar niyya aka yi ta.

Sai dai a duba abin da waɗannan iyaye suka roƙa a gaban Kotun Ƙoli. Ba su ce a ƙona littafi ba, ba su ce a hana ɗan maƙwabci ba. Cewa suka yi a sanar da su, a bar su su fitar da nasu 'ya'yan. Wannan daban yake da abin da aka yi a Olathe, inda littafi ke zaune a kan kanta, ba a tilasta wa kowa ba, sai wadda ta miƙa hannu ta ɗauka, aka zo aka ɗauke shi daga gaban kowa. Na farko uba ne ke iko da gidansa. Na biyu wani ne ke iko da gidajen mutane duka. Masu turo min saƙo suna cakuɗa biyun, su ma 'yan siyasar can da gangan suke cakuɗa su.

Kuma abin ya wuce misali. Ƙungiyar marubuta ta PEN America ta ƙirga an cire littattafai daga makarantu fiye da sau 10,000 a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, mafi yawa a jihohin Florida da Iowa. Jaridar Washington Post ta bi diddigin ƙorafe-ƙorafe fiye da dubu na wata shekara da ta gabaci wannan, ta gano mutum 11 kacal ne suka shigar da mafi yawansu. Mutum goma sha ɗaya! A wata gunduma a Delaware, a 2014, hukuma ta cire littafi ɗaya mai irin wannan labari daga jerin karatun hutu, ta fake da cewa akwai ashar a ciki. Da aka nuna mata sauran littattafan jerin ma da ashar ɗin, sai ta soke jerin gaba ɗaya. An kashe maciji an haɗa da tukunyar ruwa. Tsintsiyar da ta share waɗannan littattafai ita ce ta haɗa da na Toni Morrison, fitacciyar marubuciya baƙar fata ta Amurka, da wasu da ke magana kan bauta da wariyar launin fata. Musulmin Amurka da ke tafa wa wannan tsintsiya ya kamata ya tuna shi ma tsiraru ne a ƙasar, ranar da mutum goma sha ɗayan suka ga labarin yarinya mai hijabi bai yi musu ba, wannan ƙofa za su bi.

Mu ma mun taɓa gwada wuta. A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan soyayya da aka ƙwace daga hannun ɗalibai mata a Kano. Soyayyar ba ta ƙone ba. Ta bar takarda, inda uwa ke iya ɗaga katifa ta gani, ta koma cikin waya, inda ba edita, ba ƙungiyar marubuta, ba sunan gaskiya. Sai kuma 2023, da aka yi ta kama Queen Primer, tsohon littafin koyon karatun da kakannin wasunmu suka yi amfani da shi, saboda kalmar “gay” da ke ciki, wadda a Turancin zamanin da aka rubuta shi farin ciki kawai take nufi. Har majalisar wakilai sai da ta tattauna batun. Ban ce kada a duba abin da ake koya wa yara ba, dubawa wajibi ne. Amma wanda zai duba ya fara da karantawa.

Masu cewa wannan duk kayan Turawa ne su nemi Under the Udala Trees na Chinelo Okparanta, 'yar Najeriya, da ya fito a 2015. A lokacin yaƙin basasa labarin ya faro, yarinyar da jarumar ta fara so kuma Bahaushiya ce mai suna Amina. Ƙagagge ne, na sani. Amma kalmar maɗigo ba daga jirgin sama aka sauke mana ita ba, tana cikin Hausa tun kafin a haifi Nancy Garden.

Abin da ya hana ni barci a kan wannan batu ba a littafi na karanta shi ba. Wata safiyar Litinin ce, a makarantar da na koyar, da sanyin hunturu. An kama wata wasiƙa a ƙarƙashin matashin wata ɗaliba 'yar aji biyar, ƙawarta ce ta rubuta mata. Takardar tsakiyar littafin rubutu ce, an zana fure da jan biro a kusurwa. Shugabar makaranta ta fito da su biyun gaban asambuli, ta sa aka karanta wasiƙar da lasifika. Ba wani abin kunya a ciki, na rantse, kalaman kewa ne irin na yara, da wani baiti da aka kwaso daga waƙar fim. Ɗalibai wajen dubu suka ɗauki ihu. Ƙaramar cikinsu ta sa haɓar hijabinta a baki tana taunawa, idonta a ƙasa, ba ta yi kuka ba. Har yau ban san ko abin da aka zarge su da shi gaskiya ne ba, don ba wanda ya tambaye su. Ni ma ban tambaya ba. Ina tsaye a layin malamai da rajista a hannu, na yi shiru don kada a ce da ni.

Da la'asar mahaifin ƙaramar ya zo da mota. Ya tsaya a bakin ofis ya cire hularsa ya mayar, ya ce wa shugabar, “Hajiya, da kin kira ni tun kafin ki tara mata jama'a.” Ta ce ai don sauran su ji tsoro ne. Bai ƙara magana ba, ya ɗauki akwatin ƙarfen ya sa a but.

Wancan uba shi ne mai haƙƙin da kotun Amurka ta tabbatar wa Mahmoud, kuma mu muka ƙwace masa, da sunan tarbiyya. Shi ya kamata ya fara ji, shi da uwarta, a ɗaki, ƙofa a rufe, su san yadda za su yi da 'yarsu bisa addininsu da tausayinsu. Littattafan da ake ƙonawa a can, duk saɓanin da ke tsakanina da wasunsu, sun yi abin da ni na kasa a ranar: sun tsaya sun tambayi yarinyar me ke damunta. Saura wata huɗu ta rubuta jarrabawar zangon ƙarshe. Da na buɗe rajista washegari na tarar an riga an ja layi a kan sunanta, da jan biro.