Nasiha ga matasa masu neman ilimin kimiyya, daga tarihin Wernher von Braun

Ya ku 'yan'uwana matasa, musamman masu karatun kimiyya da injiniyanci, ina roƙonku ku karanta tarihin Wernher von Braun, injiniyan roka ɗan asalin Jamus, da idon basira, domin ilimi amana ne, kuma rayuwar wannan mutum ta nuna abin da ke faruwa idan mai ilimi ya miƙa amanarsa ga duk wanda ya biya shi.

An haife shi a 1912 a garin Wirsitz, wanda a lokacin yake cikin Jamus, yanzu kuma yana ƙasar Poland. Yana yaro bai iya lissafi ba, har sai da rubuce-rubucen masanin roka Hermann Oberth a kan tafiya sararin samaniya suka zo hannunsa, ya ga cewa ba zai fahimce su ba sai da lissafin da yake gudu, ya duƙufa har ya sami digirin dakta a 1934 yana ɗan shekara 22. Wannan himma abin koyi ce ga duk ɗalibin da darasi ya ba shi wuya.

Amma tun daga 1932 sojojin Jamus ne ke ɗaukar nauyin bincikensa, kuma da Hitler ya hau mulki bai ja da baya ba. Ya shiga jam'iyyar Nazi a 1937, ya shiga SS, rundunar musamman ta jam'iyyar, a 1940, ya jagoranci aikin fasaha a cibiyar binciken roka ta Peenemünde, inda rokar yaƙi ta V-2 ta fara tashi cikin nasara ranar 3 ga Oktoba, 1942. An harba fiye da 3,000 daga cikinta, akasari a kan Landan da birnin Antwerp na ƙasar Beljiyam. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne wurin da ake haɗa ta: ramukan ƙarƙashin dutse kusa da garin Nordhausen na Jamus, inda aka tilasta wa fursunonin sansanin Mittelbau-Dora aiki cikin yunwa da duka da sanyi. Daga cikin kusan mutum 60,000 da aka kai sansanin, kimanin 20,000 sun mutu, adadin da ya zarce na waɗanda rokar ta kashe a biranen da ta faɗa. Von Braun ya sha shiga waɗannan ramuka, ya kuma ga halin da mutanen ke ciki da idonsa. Masu kare shi suna cewa 'yan sandan Gestapo sun tsare shi a 1944, kuma hakan gaskiya ne, sai dai bayan mako biyu aka sake shi ya koma bakin aikinsa.

A watan Mayun 1945 ya miƙa kansa ga sojojin Amurka, su kuwa suka rufe ido ga abin da ya wuce saboda suna bukatar fasaharsa. Tawagarsa ce ta harba tauraron ɗan'adam na farko na Amurka, Explorer 1, a 1958, kuma rokar Saturn V da aka ƙera a ƙarƙashin jagorancinsa ce ta kai mutum duniyar wata a 1969. Ya rasu a 1977.

Kada girman wannan nasara ya ruɗe ku. Ranar da aka kira ɗayanku aiki da albashi mai tsoka, ko a fannin makamai, ko jirage marasa matuƙa, ko manhajar leƙen asirin jama'a, wajibi ne ya tambayi wane ne mai ba da kuɗin, a kan wa za a yi amfani da abin, kuma a wane hali ma'aikata suke, tun kafin ya sa hannu. Cewa "ni injiniya ne kawai" ba ta wanke kowa a gaban Allah, ba ta ma wanke shi a gaban mutane. Arthur Rudolph, wanda ya kula da ƙera V-2 a waɗancan ramuka kuma daga baya ya shugabanci aikin Saturn V, dole ya bar Amurka a 1984 ya ajiye shaidar zama ɗan ƙasa, bayan masu bincike sun tono abin da aka yi wa fursunoni a ƙarƙashinsa.