Hotunan Webb ba ƙarya ba ne, idonmu ne bai kai ba

Shekaranjiya a majalisarmu bayan sallar isha'i na nuna wa wani yayanmu hoton gungun taurari da na'urar hangen nesa ta James Webb ta ɗauko. Ya duba, ya mayar min da wayata ya ce, "Ƙanena, wannan ai kwamfuta ce ta shafa masa launi, ba haka sama take ba." Rabin maganarsa gaskiya ce, domin lallai mutane ne suka sa launin. Inda muka rabu shi ne da ya ɗauka hakan ya mayar da hoton ƙarya. Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa nake wannan rubutu.

Na aiki yaro ya ɗauko rimot ɗin talabijin. Na saita bakinsa ga kyamarar waya, na ce Yaya ya danna. Da ido babu abin da ake gani, amma a fuskar wayar sai ga ɗan haske mai ruwan shuni yana ƙiftawa. Ku gwada, yawancin wayoyi suna nunawa. Wannan shi ne infared, hasken da ke gaba da ja a jerin launukan bakan gizo, wanda masanin taurari William Herschel ya gano a 1800 lokacin da ya ga ma'aunin zafinsa ya tashi a wurin da ido ba ya ganin komai. Hasken yana nan, wayar tafinta kawai ta yi mana. Webb infared take ɗauka, kuma aikin da masu haɗa hotunanta suke yi ke nan: hasken da zangonsa ya fi gajarta su ba shi shuɗi, wanda ya fi tsawo su ba shi ja, bisa ƙa'ida, ba yadda ransu ya so ba.

To me ya sa sai an wahala da hasken da ba a gani? Duk wanda ya yi hunturu a Kano ko Damagaram ya san amsar. Idan hazo ya sauka, bishiyar da ke ƙarshen layi ma ɓacewa take yi, rana ta koma kamar faifai, har ka iya kallonta. Su ma gungun taurari suna da nasu hazon, kuma a cikin wannan ƙura da iskar gas ake haihuwar sababbin taurari. Kusan rabin hasken da taurari suka taɓa fitarwa ƙura ce ta shanye shi, ta ɗumama, sannan ta sake shi a matsayin infared. Mai dogaro da ido kaɗai rabin labari yake ji. Sai da aka haɗa da wannan ɓoyayyen haske aka fahimci cewa an fi haihuwar taurari kimanin shekara biliyan 10 da suka wuce, kusan ninki goma na yadda ake yi a yau.

Ga kuma nisa. Sararin samaniya faɗaɗa yake yi, kuma hasken da ya daɗe a hanya miƙewa yake yi har ya fita daga abin da ido ke kamawa, ya koma infared. Domin wannan aka harba Webb ranar 25 ga Disamba 2021, da madubinta mai faɗin mita 6.5, aka ajiye ta kilomita miliyan 1.5 daga duniya. Tunda haske na daɗewa a hanya, abin da ke nesa yadda yake a da ake ganinsa: a 2024 ta tabbatar da wani gungu kamar yadda yake shekara miliyan 290 kacal bayan farkon faɗaɗar samaniya. Ba wanda zai rayu ya ga gungu guda ya girma, sai dai a jera na nesa da na kusa, kamar mai duba jariri da saurayi da tsoho don ya gane yadda mutum ke girma.

Amma ni wallahi rediyo ne, wato igiyoyin rediyo da ke zuwa daga sararin samaniya, ya fi kama min zuciya. Tun da injiniyan rediyo Karl Jansky ya ji wani shuu a na'urarsa yana fitowa daga tsakiyar gungun taurarin da ranarmu ke ciki a farkon shekarun 1930, aka samu wata ƙofa daban. Iskar haidurojin, wadda daga ita ake gina taurari, tana fitar da igiyar rediyo mai tsawon santimita 21, kuma ƙura ba ta tare ta. Da ita ake auna abin da ya rage wa gungu a rumbu. Akwai gungun da ake kira Cygnus A. A hoton haske na yau da kullum ba zai ɗauki hankalinka ba, amma a rediyo sai ka ga wasu manyan fukafukai biyu, dama da hagu, sun zarce gungun kansa nesa, baƙin ramin da ke tsakiyarsa, wato wurin da ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya kuɓuta idan ya faɗa ciki, shi ne yake feso su daga kewayensa. Ikon Allah.

Kuma wannan aiki ba can Amurka da Turai kaɗai ake yin sa ba. A yankin Karoo na Afirka ta Kudu akwai na'urar sauraron rediyon sama mai suna MeerKAT, mai faranti 64, wadda aka buɗe a 2018, kuma a nan ake gina sashe guda na babbar na'urar sauraron rediyon sama ta haɗin gwiwar ƙasashe da ake kira SKA. A Gana, a Kuntunse kusa da Akara, tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 suka gyara ya koma sauraron sama a 2017. Wannan ya fi komai sosa min rai, domin rediyo bai damu da hazonmu ba, ba ya ma jiran dare. Ina son in ga ranar da ɗalibar kimiyyar lissafi a Zariya ko Yamai za ta buɗe kwamfutarta ta yi aikin digirinta da bayanan MeerKAT.

Yaya dai bai ce ya yarda ba. Ya karɓi rimot ɗin ya sake dannawa sau uku yana kallon wayar, sannan ya ce in turo masa hoton ta WhatsApp.